Malamar Kan Dutsen Mugulda

Motar katakon da ta ɗauko Alheri daga Tegina ba ta shigo tashar Kontagora ba sai da rana ta take. Tun kafin a buɗe ƙofar baya ta miƙe tsaye a kan buhunan gishiri tana leƙen jama'a. Fuska ɗaya take nema. Ta ga masu tallar dafaffiyar gyaɗa, ta ga 'yan dako, ta ga matan Kambari da kaya a kafaɗa. Ba ta ga Sati ba.



Shekara biyu ke nan rabonta da gida. Tana gama kwalejin horon malamai ikilisiyarsu ta yi shelar ana neman malama mace da za ta je aikin sa kai, babu albashi sai abinci da ɗaki, a wata 'yar makaranta da ke ƙauyen Mugulda, can kan duwatsun ƙasar Kamaru gaba da Mubi. Ita ta ɗaga hannu, don tana jin Fulatanci, kuma da shi mutanen dutsen suke cin kasuwa. Ta ce wa kowa shekara ɗaya za ta yi ta dawo a ɗaura aurenta da Sati. Shekarar ta zama biyu.

"Malama! Yau ga Kamaru a Kontagora!"

Ta waiga. Jacob ne, tsohon soja, wanda bayan an gama yaƙi ya tuɓe kaki, shi da kawunsa suka sayi mota yana jigilar doya da dawa daga Mashegu. Tun kafin ta tafi yake nemanta, tun kafin ta tafi take ce masa an riga shi. Ya karɓi akwatinta ya saɓa bai jira izini ba.

"Sannu, Jacob. Bar shi, zan iya."

"Na san za ki iya. Wadda ta hau dutse, akwati ne zai gagare ta?" Ya dube ta da gefen ido. "In Sati kafinta kike nema, yana gonar Babanki. Tun da ruwa ya sauka can ya tare. Mutumin kirki ne Sati, ba shi da sana'ar da ta wuce jira."

Haka suka taka har ƙofar gida.

Mahaifiyarta Magdalena tana shanyar kuɓewa ta hango ta. Ta saki faifan, ta rungume ta, tana kuka tana dariya.

"'Yar nan, haka kika koma? Dubi wuyanki! Dubi ƙafa duk faso, kamar ba malama ba. Ba sa ba ki abinci ne?"

"Suna ba ni, Mama. Hawa da sauka ne."

Mahaifinta Andarawus, tsohon malamin asibiti, mutumin wajen Rijau ne da aiki ya kawo Kontagora ya zauna. Bai cika fara'a ba, amma ranar ya yi. Ya bari ta yi wanka, ta ci tuwo, sannan da la'asar ya sa aka kira ta gindin mangwaron tsakar gida. Ta durƙusa.

"To, kin dawo, mun gode wa Ubangiji," ya ce. "Na riga na yi magana da Fasto. Da zarar an cire gyaɗa za a fara sanarwa a majami'a. Yaron nan ya gama abin da ke kansa, har ya ƙara."

Alheri ta san abin da yake nufi. A al'adar mutanensu saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa ubanta noma damina bayan damina. Kiristoci da yawa sun bar al'adar, Andarawus bai bari ba, Sati kuma bai taɓa roƙon a sauƙaƙa masa ba. Ya cika nomansa tun bara waccan. Duk daminar da ta biyo baya kyauta ce.

Ta sunkuyar da kai.

"Baba, hutu na zo."

 Magdalena da ke bakin murhu ta ajiye muciya.

"Me kika ce?"

"Hutu ne, Baba. Ƙarshen damina za a koma makaranta. Saura shekara ɗaya. Akwai wata Rachel da za ta gama kwaleji baɗi, ita za ta karɓe ni."

"Shekara ɗaya," Andarawus ya maimaita. "Na taɓa jin wannan maganar a gindin mangwaron nan."

"Baba, ka saurare ni. Da na je, ko yarinya ɗaya babu a ajin. Gida gida na bi, ina hawan dutse, ana sakar mini karnuka. Yanzu 'yan mata sun fi rabin aji. Iyayen sun faɗa mini a gaban dattawan gari, ranar da malama mace ta sauka ba ta dawo ba, ranar za su kwashe 'ya'yansu su mayar da su ɗaukar duwatsun gona. Ba za su bar su hannun malami namiji ba. Na ce musu zan dawo, Baba. A gaban kowa na faɗa."

"Shi Sati a bayan kowa kika faɗa masa?"

Hawaye ya zubo mata.

"Ni kika mayar maƙaryaci a garin nan," ya ci gaba, bai ɗaga murya ba. "In na shiga kasuwa kunya nake ji. Cewa ake Andarawus ya sami bawan noma. Ina cin dawar yaron mutane, 'yata tana can ƙasar da ko sunanta ban iya faɗi ba, tana renon 'ya'yan wasu. Ki ji da kyau. Ranar Lahadi bayan sujada Fasto zai zo nan, uwar Sati za ta zo, Sati zai zo. Ki faɗa musu da bakinki kin zauna. In kuwa dutse kika zaɓa, to ki faɗa, in san yadda zan wanke fuskata."

Ya tashi ya shige ɗaki.

Magdalena ta matso ta dafa kafaɗarta.

"Ba a raba ki da aikin Allah ba, Alheri. Nan ma akwai yara. Amma ki je ki ga uwar yaron nan tukuna. Ki je ki gani da idonki."

Washegari da hantsi ta ɗaura mayafi ta nufi gidan su Sati, bayan kasuwar hatsi. Rumfar kafintarsa da ke ƙofar gida a rufe take, ciyawa ta tsiro a bakinta. Ta yi gafara ta shiga.

Wata mace ta tarar a tsakar gida tana tankaɗe. Dorkas ce, mai ɗinki, 'yar maƙwabtansu, tare suka yi firamare. Da ta ga Alheri sai ta miƙe da sauri, gari ya zube a zanenta.

"Alheri! Sannu da zuwa. Ni... ina ɗan taya Inna aiki ne."

"Wa ke nan?" wata murya ta tambaya daga bakin ɗaki.

Inna Kyauta, mahaifiyar Sati, tana zaune a kan tabarma, fuskarta na fuskantar katanga. Alheri ta je gabanta ta durƙusa ta gaishe ta da Dukanci, harshen mutanensu. Tsohuwar ta juyo da kai, amma idonta ya wuce ta gefen kunnen Alheri. Fari ya rufe idanun duka biyu.

Alheri ta toshe baki. Da za ta tafi ido ɗaya ne yake ɗan hazo.

"Inna! Yaushe haka ta faru?"

"Kina can," in ji tsohuwar. "Komai ya faru kina can. Matso in ji."

Ta laluba fuskarta da yatsu, ta sauke hannu.

"Kin rame. Dutse ba ya ƙiba da mutum. An ce komawa za ki yi."

"Inna, shekara ɗaya ce kawai..."

"Kar ki ƙirga mini shekara, ni na fi ki sanin tsawonta. 'Ya'ya biyu na haifa suka rayu. Ɗana Lahadi ya tafi yaƙi, ya ce in an cire dawa zai dawo, ko takalminsa ban gani ba. Saura Sati. Da safe ya ɗora mini ruwa, ya tafi gonar ubanki, ya dawo da yamma ya hura wuta da kansa kamar wanda ba shi da kowa. Rumfarsa ta mutu, masu kawo aiki sun koma wani wuri. Rannan na faɗa kan murhu, da yarinyar nan ba ta ji ihuna ta katanga ba, da yanzu kabarina kika zo gani."

Ta janye zane ta nuna tabon ƙuna a ƙwaurinta. Alheri ta fashe da kuka.

"Ki yi kukanki, ban hana ki ba. Ban ƙi ki ba, Alheri, ni na fara kai wa uwarki gaisuwa kina 'yar ƙarama. Amma ni yanzu ba malama nake nema ba. Hannu nake nema da zai kama nawa ya kai ni bayan gida. Jika nake so in ji nauyinsa a cinyata tunda ba zan ga fuskarsa ba. In kin zauna, ke ce. In kin tafi, ga Dorkas."

"Haba, Inna!" Dorkas ta ce, ta juya baya tana share ido da gefen zane. "Na ce ki daina sa ni a maganar nan."

"Ƙarya na yi? Ba kya son sa?"

Dorkas ba ta amsa ba. Shirun nan ya fi komai sukar Alheri. Ta miƙe ta yi sallama.

Ba ta koma gida ba. Ta kama hanyar Rijau da ƙafa, cikin taɓo, har gonar mahaifinta. Dawa ta kai kafaɗa, kore shar. Can ƙarshen kunya ta hango bayan mutum a duƙe, ba riga, yana maimai. Ta san wannan bayan ko cikin mutum dubu.

"Sati."

Ya ɗago a hankali. Ya yi baƙi, ya rame, gemu ya fito masa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya jingine fartanya ya ɗauki rigarsa ya sa.

"Sannu da zuwa, Malama."

"Malama? Ni ce yau Malama a bakinka? Me ya hana ka zuwa tasha?"

"Na je," ya ce. "Tun da safe ina can bayan rumfar mai shayi. Na ga kin sauko. Na ga yadda kika riƙe akwatin, ɗan ƙarami, wanda kika tafi da shi babba ne. Sai na gane kin bar kayanki a can. Na juyo."

Alheri ta zauna a kan kunya ta rufe fuska.

"Ka yafe mini, Sati. Ban san Inna ta makance ba. Me ya sa ba ka aiko mini ba?"

"In aiko in ce me? Ki bar yaran ki zo ki yi jinyar uwata tun ba a ɗaura ba? Da kin zo. Na san da kin zo. Sai ki zauna kina kallona kamar wanda ya sace miki abu."

"Ba zan taɓa yi maka wannan kallon ba."

Ya zauna nesa kaɗan da ita, yana tsinkar ciyawa.

"Ba ni labarin wurin," ya ce.

"Sati, ba shi ya kawo ni ba."

"Ba ni dai. Ina so in san kishiyata."

Ta yi murmushi cikin hawaye, ta fara a hankali. Ta faɗa masa yadda ake hawan dutsen, mota ta ajiye ka a ƙasa, sauran da ƙafa da hannu. Yadda suke jera duwatsu su tare ƙasa su shuka dawa a gona wadda faɗinta bai wuce tabarma ba. Yadda ruwa ya rushe bangon aji a daminar farko, malamin Faransanci ya kwanta jinya, ita kaɗai ta riƙe yaran a inuwar wani ƙaton dutse tana rubutu da gawayi a jikinsa, abin da ya hana ta dawowa ke nan. Ta faɗa masa ranar da wata yarinya ta karanta wa ubanta lambar sikelin mai sayen gyaɗa a kasuwa, uban ya hawo dutse da zakara a hannu yana neman malama. Ba ta san ta miƙe tsaye ba, ba ta san tana nuni da hannu ba, sai da ta ga yadda Sati yake kallonta. Ta yi shiru.

"Ci gaba," ya ce.

"Ka zo mu tafi tare," ta ce da sauri, ta durƙusa a gabansa. "A ɗaura mu tafi. Babu kafinta ko ɗaya a dutsen nan, a ƙasa yaran suke zama, ƙofar ajin ma tabarma ce. Da wannan na kwana na tashi a hanya, Sati, shi na zo in roƙe ka."

"Inna fa? In goya ta in hau da ita?"

Alheri ta sunkuyar da kai, shi kuwa ya ci gaba.

"Ko in bar wa Dorkas ita, in ce ta riƙe mini uwa, ni na tafi da matata?"

"Kana son Dorkas?"

"Kin san amsar wannan."

"Ina so in ji."

"Ban taɓa son kowa ba sai ke," ya ce, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Amma ina jin kunyarta, Alheri. Kullum in na ga ta wanke wa Inna zane, sai in ji kamar in nutse. Na gaji. Ba noman ne ya gajiyar da ni ba. In na dawo da yamma Inna ta ji motsina, sai ta ce, an ji labarinta? Wannan tambayar ce ta gajiyar da ni."

Kowa ya shiga kukansa. Hadari ya fara haɗuwa daga gabas.

"Zan zauna," Alheri ta ce.

Bai ɗago ba.

"Ka ji ni? Na ce zan zauna. Ranar Lahadi zan faɗa."

"Yaran fa?"

"Allah zai kawo musu wata."

 Sati ya dube ta, ya daɗe, sannan ya miƙe ya ɗauki fartanyarsa.

"Tashi mu je, ruwa zai sauko."



Ranar Asabar Jacob ya tsayar da motarsa a ƙofar gidansu, ya sa aka sauke doya da buhun masara, ya shiga ya gaida Andarawus kamar ɗan gida. Da zai fita ya tarar da Alheri a zaure tana tsince wake.

"Malama, gari duk ya ɗauka. An ce an sa ki a tsakiya."

"Gari ba shi da aikin yi."

Ya tsuguna, ya rage murya, wannan karon babu wasa a fuskarsa.

"Ni ba zan sa ki a tsakiya ba. Uwata tana Nasko wurin yayyena, ba ta buƙatar mai kama mata hannu. A ɗaura ranar da kike so, in ɗauke ki a motata in kai ki har gindin dutsen. Ki yi shekararki, ki yi biyu. Na yi yaƙi, na san yadda abu yake in mutum ya ce wa mutane zai dawo."

Maganar ta shige ta fiye da yadda ta so. Ta tsani kanta don ta saurara har ƙarshe.

"Na gode, Jacob. Amma ka san inda zuciyata take."

"Na sani. Na kuma san inda ɗaya rabin yake." Ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Na faɗa wa Baba, ban ɓoye ba. Ya ce muddin noman Sati yana kansa, ƙofarsa a rufe take. Ni dai ina bakin ƙofar."

Ranar Lahadi Alheri ba ta ji ko kalma ɗaya daga wa'azi ba. Da 'yan zumuntar mata suka tashi waƙa, fuskokin 'yan matan Mugulda take gani, zaune a ƙasa da allunansu, suna kallon hanyar da za ta ɓullo. Ta matse bakin mayafi a ido har aka tashi.

Bayan sujada aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. Fasto ya zauna a kujera, Andarawus na gefensa. Sati ya shigo riƙe da hannun mahaifiyarsa, ya zaunar da ita kusa da Magdalena. Ya sa farar rigarsa ta Kirsimeti, ya yi aski. Ko sau ɗaya bai dubi inda Alheri take ba.

Fasto ya yi addu'a, ya ce, "Alheri, iyayenki suna sauraronki."

Ta gyara durƙuso. Kafin ta buɗe baki Sati ya ce, "Fasto, a yi mini gafara. Ina da magana kafin tata."

"To, muna ji."

Ya juya ya fuskanci Andarawus.

"Baba, noman da na yi maka, na farko da na ƙarshe, na yafe. Ɗa ne ya yi wa uba noma. Ba ka riƙe da komai nawa, Alheri ba ta riƙe da komai nawa. Kowa ya shaida."

"Sati!" Inna Kyauta ta ɗaga murya. "Me kake faɗa? Ka sha wani abu ne?"

Alheri ta ji kamar ƙasa ta tsage.

"Na ce zan zauna!" ta yi ihu, ta manta a gaban manya take. "Baba, Fasto, ku ji, na zauna! Na fasa komawa! Na faɗa masa a gona!"

"Kin faɗa," Sati ya ce, sai a lokacin ya dube ta. "Na ji abin da bakinki ya faɗa, na kuma ga fuskarki sa'ad da kike ba ni labarin dutsen. Tun da na san ki ban taɓa ganin wannan fuskar ba. In na aure ki bana, mace zan kai gida mai dafa tuwo tana kuka a madafa, ta ce hayaƙi ne. Kuma ni zan zama dalilin da 'ya'yan mutane za su ce malama ta yi musu ƙarya. Ba zan iya ba. Ki je ki cika maganarki."

"To ka sake ni ke nan? Ka gaji da ni ka rasa yadda za ka faɗa?"

"Ban sake ki ba. Igiyar na cire. In kin dawo kina so na, ina nan. Amma kar ki zauna don dawar da na noma."

"Kana ina?" in ji Inna Kyauta, tana laluben iska har ta kama rigarsa. "Kana nan kana jiran me? Tunda ka yafe, ka yafe. Fasto, ka ji da kunnenka. A sa ranar Dorkas."

"Inna, ki yi haƙuri. Ba zan auri Dorkas ba. Zalunci ne in aure ta."

"Ni fa? Ni ba a zalunce ni ba?" Tsohuwar ta saki rigarsa ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Lahadi, da kai ne ka rage mini!"

Sati ya runtse ido kamar an mare shi. Magdalena ta rungume tsohuwar, su biyu suna kuka. Fasto yana ta cewa a yi haƙuri, ba mai jin sa.

Andarawus ne kaɗai bai motsa ba. Da hayaniyar ta lafa ya yi gyaran murya. Fuskarsa ta yi nauyi, kamar ya ƙara tsufa a zaman nan.

"Sati, ka san abin da ka yi kuwa? Ka san ma'anar yafe noma a wurin mutanenmu?"

"Na sani, Baba."

"Ba ka sani ba. Ka ɗauka alheri ka yi. Gobe a kasuwa cewa za a yi ka duba 'yata ka ga ba ta cancanta ba, ka gwammace ka yi asarar guminka da ka ɗauke ta. Kuma ni ba zan sake sakin 'yata ta ƙetare ƙasa ba aure, ba mai nema, ana nuna gidana da baki. Na yi sau ɗaya, na ga abin da ya jawo mini." Ya juya ga Alheri. "Dutse kike so, za ki je. Amma da aure za ki je."

"Baba, don Allah..."

"Baba, ba haka nake nufi ba," Sati ya ce, ya taso a ruɗe. "In haka ne na janye..."

"A gaban Fasto ka ce kowa ya shaida. Mun shaida."

Daidai nan aka yi gafara daga zaure, muryar dattijo, da wata a bayanta. Magdalena ta leƙa, ta dawo jikinta a sanyaye.

"Kawun Jacob ne," ta ce a hankali. "Su uku ne. Da ƙwaryar goro."

Alheri ta rarrafa ta kama ƙafar mahaifinta da hannu biyu.

"Baba, kar ka amsa. Na roƙe ka da sunan Allah, kar ka amsa musu."

Andarawus ya dubi 'yarsa, ya dubi Sati da ke tsaye hannuwa a sake, ya dubi makauniyar da ke kuka a kan tabarmarsa.  Sannan ya ɗaga kai wajen zaure.

"Ku shigo," ya ce.